A Cire Masa Hula

Sansanin ma'aikata, hamadar Iraƙi
9 ga Nuwamba, 1986

Goggo Impi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Yaya ƙirjin nasa, tarin ya lafa? Ni lafiyata ƙalau. Har yau da riga ɗaya nake fita aikin haɗa bututu, abincin ne kawai ba ya shiga.

Na san har yanzu kina jin haushin rushe tsohon murhun bulo da na yi. Ki yi haƙuri. Da idonki kika ga tsagar da ke bututun hayaƙinsa, kuma likita ya ce hayaƙi ne ke cin huhun Baba. Bari in sake bi miki yadda sabon yake aiki, don ranar da na yi bayani kina wanke kofuna, ba ki ko juyo ba.

Ki ɗauki babban tankin ruwa da ke ɗakin tukunya, inda ake hura wuta, kamar rumbu. Ki hura wuta sau ɗaya da safe, wuta mai ƙarfi, ki bar ta ta cinye itacen tas. Zafin zai shige cikin ruwan tanki ya kwanta, mai zafi a sama, mai sanyi a ƙasa, gida kuma ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Mai ɗibar shi ne famfon surki, wanda ke da ɗan inji a kansa. Yadda kike surka ruwan wanka haka yake yi: ya ɗebo mai zafi daga tanki, ya haɗa da wanda ya zagayo daga ɗakuna ya huce, ya tura cikin ƙarafan bango masu ɗumama ɗakuna. Mai gaya masa yawan surkin shi ne ɗan farin akwatin da na kafa a waje, aikinsa jin sanyin gari. In gari da sauƙi, ƙarafan za su yi ɗumi-ɗumi kawai. Wannan ba lalacewa ba ce, tattali ne, shi ke sa hurin wuta ɗaya ya kai ki kwana biyu. In sanyi ya tsananta zai buɗe zafin da kansa har ki kasa ɗora hannu.

Na san halin Baba. Da ya taɓa ƙarfe ya ji bai ƙona shi ba, sai ya nemi sifana. Kin ɗora hannu a kan littafin waƙoƙin coci kin yi mini alkawari ba wanda zai taɓa famfon nan. Ina tuna miki.

Abu ɗaya na bari tsirara a bangon arewa saboda saurin tafiya. Ki samu ulu ko tsohon bargo ki naɗe shi sosai kafin sanyi ya kankama, kada ya daskare.

Ɗanki,
Aulis

Lehtovaara, Finland
30 ga Nuwamba, 1986

Aulis,

Wasiƙarka ta iso jiya, kwana ashirin a hanya. Muna gaishe ka. Mahaifinka da sauƙi, yana cin abinci, yana zagin rediyo, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ni gwiwa ce kamar kullum, ba sabon abu.

Haushi kuwa ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Shekara arba'in ina gasa burodi a murhun nan, yanzu sai na kanti, wanda in ka matsa shi sai ya koma kamar soson wanka. Amma gaskiya ɗaya ce: abin naka yana aiki. Ina hura wuta Litinin da safe, ba na sake komawa sai Laraba. Itacen da a da ba ya kai mu mako, yanzu yana neman sati biyu. Kada kanka ya kumbura, na faɗa ne don ba na ƙarya.

Yaya kam bai yarda ba. Kullum sai ya dafa ƙarfen ɗakinsa ya ce, "Impi, wannan abin mutuwa ya yi ko suma?"

In ce masa, "Tattali yake yi, Yaya. Ɗanka ya ce haka."

Ya ce, "Tattalin uwarsa. Yaron da ya gudu ƙasar rana shi zai koya mini sanyi?"

Na ɓoye sifanar cikin buhun dankali, inda na san hannunsa ba ya zuwa.

Abin da ka ce a naɗe na naɗe shi tun ranar da na karanta, ka kwantar da hankalinka. Ƙanƙara ta riga ta rufe gindin bango har gwiwa, sai da na taka benci. Ka riƙa cin abinci ko ba daɗi, na san ka da tsirfa.

Goggonka,
Impi

Sansanin ma'aikata
18 ga Disamba, 1986

Goggo,

Ina gaishe ku da kyau, barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Lafiya lau nake, na ma ƙara ƙiba. Na yi dariya har abokan ɗaki suka tambaye ni, da na karanta maganar buhun dankali. Ki ce wa Baba yaron da ya gudu ƙasar rana yana gaishe shi.

Na ji daɗi da kika naɗe abin nan, shi kaɗai ke damuna. Yanzu sai ki zauna ki sha kofi. Ranar da sanyin gaske ya sauko za ki ga aikin ɗan akwatina, kuma ina so ki rubuto mini abin da Baba ya ce sa'ad da ƙarfen ya ƙona masa tafin hannu.

Aulis

Lehtovaara
4 ga Janairu, 1987

Aulis,

Ina gaishe ka. Lafiyarmu ba ta da daɗin faɗa, don haka ba zan yi dogon zagaye ba. Tari ya dawo wa mahaifinka tun bayan Kirsimeti, irin mai fitowa daga can ƙasa. Ni kuma tsoro nake ji, kuma ka san ban cika faɗin haka ba.

Kwana tara ke nan sanyi ya sauko. Ma'aunin taga ya nuna talatin da ɗaya ƙasa da sifili, shekaranjiya talatin da shida. Na yi ta jiran abin da ka yi alkawari. Ƙarafan bango suna nan yadda suke tun Nuwamba, ɗumi-ɗumi kamar madarar jariri. Ma'aunin ɗakin Yaya tara yake nunawa. Ruwan bokitin bakin ƙofa ya daskare a cikin gida, abin da ban taɓa gani ba ko a shekarun yaƙi.

Na ce ko wuta ce ta yi kaɗan, sai na koma hurawa sau uku a rana. Yanzu allurar tanki ta wuce jan layi, casa'in da biyar. Wani ɗan famfo a samansa yana huci yana tofar da tururi, tankin yana ƙara kamar ana dukansa daga ciki. Ina shiga ɗakin in jefa itace in fito da gudu da wannan gwiwar tawa. Ganga goma ta tafasasshen ruwa a bayan bango ɗaya, ɗan'uwana kuma yana karkarwa a ɗaya gefen. Wane irin rumbu ne wannan, cike fal amma ba ya ba masu gida?

Na kunna ɗan hita na lantarki tare da murhun girki, sai wutar gidan ta ɗauke, famfon ruwa ya tsaya, tankin ya yi wani gurnani da ba na so in sake ji. Tun daga nan ɗaya nake kunnawa. Onni mai kawo wasiƙu ya shiga ya duba, ya ce, "Tukunya da zafi, famfo na juyawa. Impi, nan ilimina ya ƙare." Ya yi wa mai gyara na gari waya daga kanti, aka ce gida hamsin ne a gabanmu, duk bututunsu ya fashe.

Sirkka, nas ɗin da ke zagayen ƙauyuka, ta zo ranar Juma'a. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Ta ce in ta dawo ta tarar da ɗakin haka, za ta tafi da shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Ya ce mata, "Yarinya, a gidan nan aka haife ni. In kin ga na fita, gawata aka fitar."

Ya roƙe ni sifana sau biyu. Ban ba shi ba. Na tsaya gaban famfon surkin nan na kai hannu na janye, don ban san ta inda ake kama shi ba, kuma ina tsoron in murɗa tafasasshen ruwa ya fasa mana gida. Ga kuma alkawari.

Kada ka ce sakacina ne. Ko ɗan akwatinka ban bar shi ba. Hular ulu da na saƙa masa a Nuwamba na ga ta yi masa kaɗan a wannan sanyi, sai na ƙara masa fatar tunkiya na buga da ƙusa ta ko'ina, ko iska ba ta shiga. Ka gaya mini abin da zan yi.

Impi

Sansanin ma'aikata
19 ga Janairu, 1987

Goggo,

Gaisuwa. Allah ya sa wasiƙar nan ta same ku da rai da lafiya.

Ki ajiye takardar nan ki fita yanzu ki cire wa akwatin hula da fatar. Duka. Sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Ba shi nake nufi ba. Guntun bututu nake nufi, can ƙasa a gindin bangon arewa, inda ya fito daga ɗakin tukunya. Ƙanƙara ta rufe shi shi ya sa ba ki gan shi ba. Akwatin kuwa dole ya zauna tsirara, jin sanyi shi ne aikinsa. Da kika lulluɓe shi a jikin katakon bango, sai ya koma jin ɗumin da ke fitowa daga gida. A ganinsa har yau Nuwamba ce. Shi ya sa yake ce wa famfo ya ƙara surki, komai yawan wutar da kika hura.

Ki daina hura wuta sai allura ta sauko ƙasa da tamanin. In kin cire hular awa biyu ƙarafa ba su yi zafi ba, na sake ki daga alkawari: akwai baƙin maɓalli a kan ɗan injin, ki danna ki murɗa hannun zuwa ja, rabi kawai. Ba zai fasa komai ba. Da tun farko na nuna miki wannan, maimakon in sa ki rantsuwa.

Laifina ne. Na rubuta "abu" kamar wanda ake sayar wa tawada da tsada. Na karanta layin hular sau uku, sai na zauna a ƙasa gaban ofishin sansani.

Babu wayar da ke fita ƙasar waje a nan. Na roƙi akawu ya aika ta tangarahon kamfani zuwa ofishinmu na Helsinki, su buga wa kantin ƙauye. Ya ce layin na aiki ne, kalma biyar kawai zai saka mini. Na ce: a cire wa akwati hula. Ina fata tun yau ta iso gare ki. Na nemi izinin tafiya, sun ce sai an samu mai maye gurbina.

Ki ce wa Baba ya yi haƙuri da ni.

Aulis

Lehtovaara
22 ga Janairu, 1987

Aulis,

Ina gaishe ka, ko da yake raina a ɓace yake. Ban samu amsar wasiƙata ba. Mahaifinka ba sauƙi. Zazzaɓi ya shigo, ba ya iya kwanciya sai a jingine, in yana numfashi kana jin ƙara daga kicin.

Shekaranjiya Onni ya zo da saƙo a baki. Wata mata daga ofishinku ta yi wa kanti waya, matar mai kanti ta gaya wa mijinta, shi ya gaya wa Onni. Ya tsaya a ƙofa yana murza safar hannu, ya ce, "Impi, ni dai ɗan aike ne. Wai Aulis ya ce a cire masa hula."

Na ce, "A cire wa wa?"

Ya ce, "To, wa ke kwance da hula a gidan nan?"

Aulis, rana ta taɓa maka kai ne? Mutum mai shekara saba'in da takwas, a ɗakin da numfashi ke fita kamar hayaƙi, ka ce in tuɓe masa hula? Na yi ta juya maganar. Onni ya ce wataƙila wani likitan can ne ya ce zazzaɓi ta kai yake fita. Na ce likitan ya zo ya cire da hannunsa. Wani tunani kuma ya zo mini wanda ya fi wannan muni. Ka san a nan gawa ake cire wa hula in an wuce da ita. Na ce ko ɗan nan ya riga ya fid da rai da ubansa ne?

Yaya ya ji mu. Ya ce, "Me yaron ya ce?" Na ce gaisuwa ce. Ya ce, "Ƙarya kike, Impi, tun kina yarinya kunnenki ke ja in kin yi ta."

Na hura sauna jiya, ɗakin wankan tururinmu, na jawo keken da ake ja a kan ƙanƙara har bakin ƙofa, na ce ya zo in kai shi ya kwana biyu a ɗakin canza kaya, can akwai ɗumi. Ya dube ni ya ce, "A can muka wanke gawar Inna, a can muka wanke ta matata. Ki bari sai lokacina, ba sai kin ja ni da raina ba." Na mayar da keken.

Yanzu tubali nake gasawa a murhun girki, in naɗe a tawul in jera masa a gado. Sanyin ya ɗan sassauta zuwa ashirin da biyar ƙasa da sifili, ɗakin ya kai sha ɗaya. Itacen da ka ce zai kai mu bazara ya kusa rabi. Sirkka za ta dawo mako mai zuwa. Ban san wanne na fi tsoro ba, ta tafi da shi ko ta bar mini shi.

In kana da magana, ka rubuta ta da hannunka yadda mutum zai gane.

Impi

Sansanin ma'aikata
1 ga Fabrairu, 1987

Goggo,

Ina gaishe ku. Lafiyar jiki ina da ita. Kwana goma sha uku ban ji komai ba. Ofis sun ce sun isar da saƙo, saboda haka ina gaya wa kaina gida ya yi ɗumi, kin shagala da hidima ne. Sai kuma in tuna ke ba kya fasa rubutu. Duk ranar da motar wasiƙu ta zo ni ne farkon layi. Ko layi ɗaya ne ki aiko.

Aulis

Lehtovaara
6 ga Fabrairu, 1987

Ɗana Aulis,

Ina gaishe ka. Ni ina nan. Mahaifinka yana asibitin gari tun ranar ashirin da tara ga wata. Bai yi musu ba, ba shi da numfashin musu. Mutum biyu suka ɗauke shi cikin bargo, yana kallon rufi har suka fita.

Wasiƙarka ta ranar sha tara ta iso ranar Talata, kwana biyar bayan tafiyarsa. A tsaye na karanta ta. Na yi yadda ka ce, na ajiye na ɗauki guduma na fita. Fatar ta daskare kamar katako, sai da na ɓanɓare ƙusoshin ɗaya-ɗaya. Da na zura hannu ƙarƙashin hular, Aulis, wurin da ɗumi, kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci.

Na koma ɗakin tukunya na zauna a kan kututture. Ba a yi rabin awa ba ɗan injin ya yi ƙara, na ga hannun yana juyawa da kansa a hankali zuwa ja. Bututu suka fara ƙas-ƙas a cikin bango. Kafin la'asar ban iya dafa ƙarfen ɗakin Yaya ba. Ma'aunin ɗakin ashirin da ɗaya yake nunawa yanzu. Wuta ɗaya na hura tun Laraba. Abinka yana aiki yadda ka faɗa, ba ragi. Na cire rigunan sanyi uku na zauna a bakin gadonsa na yi kuka, ni da ban yi ba ko ranar jana'izar mahaifiyarka.

Na tona ƙanƙara na nemo guntun bututun naka. Lafiyarsa ƙalau, ƙanƙarar ce ta lulluɓe shi.

Ka ce laifinka ne. Kai ka rubuta, ni na saƙa. Kwana biyu na yi a kan hular nan, har da jan zare a baki don ta yi kyau. Saƙo kuma ya zo har ƙofata, na tsaya ina zagin ka. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ni da ƙarfin raba laifi yanzu, kai ma ka bari.

Jiya Onni ya kai ni asibiti. Sun sa masa roba a hanci, ya rame, hular tana kansa, ya hana su cirewa. Ya buɗe ido ya ce, "Gida?"

Na ce, "Ya yi ɗumi, Yaya. Ƙarfen har ƙuna yake."

Ya daɗe yana kallon kunnena. Sannan ya ce, "To me nake yi a nan? Kai ni."

Na tambayi likita a waje. Ya ce huhun biyu ne suka kamu, ko motsa shi zuwa mota ba za a yi ba. Na ce kwana nawa? Ya ce in yana da ɗa a nesa, a kira shi.

Daga can na wuce gidan waya da ƙafata. Ban ba kowa saƙo a baki ba. Na rubuta da hannuna, na tsaya a kan yarinyar da ke aiki a can har ta buga tangarahon, na sa ta karanta mini. Kalma biyu ce, ba wadda za a iya juyawa: ka taho. Kada ka jira mai maye gurbi, kada ka jira izinin kowa.

Wannan wasiƙar kuwa na rubuta ta ne don ba ni da wanda zan gaya wa. Addu'ata kada ka karanta ta. In ta same ka a can, ka makara.

Goggonka,
Impi